Ƙuri'ar Baƙo: Tarihin Wakilci a Unguwannin Hausawa na Fatakwal, Anaca da Inugu

Daga cikin manyan garuruwa uku na gabashin Kogin Kwara da Hausawa suka yi kaka-gida a cikinsu, biyu ba su da dogon tarihi, domin kwal da jirgin ƙasa ne suka haife su. An gano kwal a tsaunukan Udi a 1909, aka kafa Fatakwal a bakin ruwa domin fitar da shi zuwa ƙetare, aka raɗa mata sunan Lewis Harcourt, sakataren ƙasashen mulkin mallaka na Ingila, a 1913, sannan layin dogo ya haɗa ta da Inugu a 1916. Da layin ya miƙa arewa, aka kuma buɗe gadar Makurɗi a kan Binuwai a 1932, shanun da a da ake korowa a ƙasa wata da watanni suka soma isowa a taragu cikin kwanaki. Anaca kuwa tsohuwar kasuwa ce ta bakin kogi, wadda fataken Nupe da na Hausa suka saba sauka a cikinta ta jiragen ruwa daga Lakwaja tun kafin a yi mata gada a 1965. A dukkan garuruwan uku Bahaushe ya zo ne da shanu, da wake, da albasa, da busasshen kifi, ya koma da manja da kayan kanti, kuma wanda ya ga zama ya fi masa riba ya zauna, ya yi aure, ya gina masallaci, har unguwa ta kafu.

Kowace irin wannan unguwa ta tashi da tsarin wakilcinta tun kafin a san akwatin zaɓe. Akwai Sarkin Hausawa, wanda yake shiga tsakanin jama'arsa da hukuma ko masu gari, akwai limami da Sarkin Fawa, sannan akwai fatoma, wato maigidan da yake saukar da fatake, ya adana musu kaya, ya nemo masu saye, ya kuma tsaya a matsayin lamuni idan an ba da bashi. Har yau a Kasuwar Relief da ke yankin Ogbaru a bakin Anaca, da makamantanta a Inugu da Fatakwal, ana iya ganin yadda wannan alaƙa take gudana: mai albasa yana zaune a Aliero, motarsa ta iso da asuba, wakilinsa ya kwance buhu ya duba ko ruɓa ta shiga, ya ji tayin masu sari, amma ba ya sallamawa sai ya buga waya ya ji ta bakin mai kaya, kuma idan ya sallama ƙasa da farashin da aka gindaya masa, shi zai cika gibin daga la'adarsa ko daga aljihunsa. Wannan ɗabi'a tana da tushe a fiƙihun Malikiyya, inda littattafai irin su Muhtasar na Halil da Tuhfatul Hukkam suka keɓe babi ga wakala, wato ɗora wani a kan wani aiki a madadin mai shi. A wannan babi wakili ɗaure yake da umarnin wanda ya wakilta shi, yana ɗaukar hasarar da ƙetare iyakarsa ta jawo, kuma a mafi yawan halaye ana iya tuɓe shi duk lokacin da aka ga dama.

Wakilin da kundin tsarin mulki ya sani bai ginu a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa uku ba, kuma da gangan aka yi haka. A 1774 Edmund Burke ya shaida wa waɗanda suka zaɓe shi a Biristol cewa abin da suke bin sa bashi shi ne ƙwazonsa da hankalinsa, amma ba biyayya ga umarninsu ba, domin a ganinsa majalisa wurin shawara ce ta al'umma guda, ba taron jakadun garuruwa masu gaba da juna ba. Tsarin mulkin Faransa na 1791 ya mai da wannan ra'ayi doka, ya ce wanda aka zaɓa a wani lardi wakilin ƙasa ne baki ɗaya, kuma ba a ba shi umarni. Sashe na 38 na tsarin mulkin Jamus na 1949 ya bi wannan layi, haka ma tsarin mulkin Jamhuriyar Nijar na 2010, wanda ya ce kowane ɗan majalisa wakilin ƙasa ne, kuma duk wani umarni na tilas da aka ɗora masa ba shi da inganci. Masana shari'a suna kiran wannan 'yantaccen wakilci, suna bambanta shi da ɗaurarren wakilci, wanda shi ne irin na fatoma da mai albasa. Hujjar masu goyon bayansa ba ta wofi ba ce, tun da majalisar da kowane ɗan cikinta ya zo da umarni a rubuce ba za ta iya sasanta komai ba. Sai dai farashinsa shi ne, da zarar an rantsar da mutum, wanda ya jefa masa ƙuri'a kusan ba ya da wata igiya ta shari'a a hannunsa.

Zaɓe ya shigo Nijeriya a ƙuntace. Tsarin mulkin Clifford na 1922 ya ba da kujeru huɗu kacal na zaɓe a Majalisar Dokoki, uku ga Legas, ɗaya ga Kalaba, kuma namiji mai samun fam 100 a shekara ne kaɗai yake da ƙuri'a. Tsarin Macpherson na 1951 ya faɗaɗa shi zuwa ƙasa baki ɗaya amma a hawa-hawa, inda masu biyan haraji suke zaɓen wakilai, su kuma su zaɓi na sama da su. Jihar Gabas ce ta fi sauran gaggawar sauya fasali: dokar ƙananan hukumomi ta 1950 ta maye gurbin tsarin En'e da zaɓaɓɓun majalisu irin na Ingila, kuma a zaɓen tarayya na 1954 an ba kowane baligi ƙuri'a, mace da namiji. Sakamakon wannan, wanda ba kasafai ake lura da shi ba, shi ne Bahaushiyar da take zaune a Inugu ko Fatakwal ta riga 'yar'uwarta ta Kano ko Katsina samun wannan haƙƙi a dokance da sama da shekara ashirin, domin matan Arewa ba su yi zaɓe ba sai a na ƙananan hukumomi na 1976.

A cikin wannan yanayi ne Malam Umaru Altine ya fito. Bafulatani ne daga Sifawa a ƙasar Sakkwato, falken shanu da ya zauna a Inugu, ya shiga jam'iyyar NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe, ya yi fice a reshenta na garin, kuma lokacin da aka ɗaga darajar Inugu zuwa birni mai majalisarsa a 1956, shi ne ya zama magajin garinta na farko. An saba kawo labarinsa a matsayin shaidar cewa a da 'yan Nijeriya ba su da ƙabilanci, amma wannan fassara ta yi sauƙi da yawa. Inugu ta wancan zamani gari ne na ma'aikatan kwal da na jirgin ƙasa da akawuna, mafi yawansu Ibo da suka zo daga wasu larduna, gari mai zafin siyasa tun bayan harbe mahaƙa 21 a Iva Valley a Nuwamban 1949, kuma akwai takun-saƙa tsakanin 'yan ƙasar Udi da ke kewaye da garin da waɗanda suka zo cin arziki. A garin da kusan kowa baƙo ne, jam'iyya ce take haɗa mutane, ba asali ba, kuma mutumin da ba ya cikin ɓangarorin da ke jayayya yana da nasa amfani. Abin da ya fi muhimmanci ta fuskar shari'a shi ne Altine bai hau kujerarsa a matsayin wakilin Hausawa ba, domin yawansu a Inugu bai isa ya naɗa kowa ba. Ya hau ne a matsayin zaɓaɓɓen mazauna gari, kuma doka ba ta tambayi inda aka binne cibiyarsa ba. 'Yantaccen wakilci, wanda yake raba wakili da umarnin masu zaɓe, shi ne kuma ya sa ɗan Sifawa ya iya magana da yawun Inugu.

Shekara uku kafin Altine ya hau wannan kujera, a Inugun dai, an riga an gwada wata tambaya da har yanzu ba a gama amsa ta ba, wato idan wakili ba na masu zaɓe ba ne, shin na jam'iyya ne. A ƙarshen 1952 NCNC ta kori ministocinta uku na gwamnatin tsakiya, a farkon 1953 kuma ta nemi ministocin Jihar Gabas su ajiye aiki domin a yi garambawul, amma mafi yawansu, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Eyo Ita, suka janye takardun murabus ɗin da suka sa wa hannu, suka ce tsarin mulki bai ba jam'iyya ikon tuɓe su ba, suka kafa sabuwar jam'iyya mai suna NIP. Masu rinjaye a majalisa suka rama ta hanyar kayar da duk ƙudurin da aka kawo, har da kasafin kuɗi, wanda sai da Laftanan Gwamna ya zartar da ikonsa na musamman. An rushe majalisar a watan Mayu, aka koma ga masu zaɓe, NCNC ta dawo da gagarumin rinjaye, Azikiwe ya zama Firimiyan Gabas a 1954. Doka ta kasance tare da ministocin, ƙuri'a ta kasance tare da jam'iyya, kuma abin lura shi ne a wancan karo an mayar da gardamar ga jama'a su yanke, abin da bai cika faruwa ba a rigingimun da suka biyo baya.

Kashe-kashen 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun watsa unguwannin Hausawa na Gabas, kamar yadda suka watsa Sabon Gari na Kano da na Zariya ta ɗaya ɓangaren. Waɗanda suka dawo bayan yaƙi sun tarar da wata ƙasa daban. An ƙirƙiri Jihar Ribas a 1967, Anambara a 1976, aka kuma raba Inugu da Anambara a 1991, kuma kowace sabuwar jiha ta zo da nata ma'aunin wane ne ɗan gida. Tsarin raba daidai, wanda aka shigar cikin kundin 1979 domin kada wani yanki ya mamaye muƙaman gwamnati, ya ɗaure rabon da asalin iyaye da kakanni, ba da wurin zama ba, saboda haka takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma ta zama mabuɗin aikin gwamnati da gurbin karatu. Jikan falken da aka haifa a Anaca, wanda yake jin harshen Ibo kamar ɗan gari, sai ya koma ƙauyen da bai taɓa kwana a ciki ba kafin ya samu wannan takarda. Karin maganar nan da ke cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba, ta samu hatimin hukuma.

Duk da haka, kundin 1999 bai hana shi zaɓe ko takara ba. Sashe na 41 ya ba shi 'yancin zama a ko'ina, sashe na 42 ya haramta nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asali ko addini, Dokar Zaɓe ta 2022 kuma ta yarda mutum ya yi rajista a inda yake zaune, ko inda yake aiki, ko inda ya fito. Sharuɗɗan zama ɗan majalisa a sashe na 65 da na 106 sun tsaya ne a kan zama ɗan ƙasa, da shekaru, da ilmi daidai matakin sakandare, da samun jam'iyyar da za ta tsayar da mutum. Babu maganar asali a cikinsu. Shingen yana wurin zaɓen fid da gwani, inda tsarin karɓa-karɓa tsakanin garuruwa da dangogin 'yan gida, wanda ba a rubuta shi a wata doka ba, ya fi kowane sashe na kundi ƙarfi. Game da abin da zaɓaɓɓe yake bin mai zaɓe kuwa, kundin ya yi ƙarancin magana. Rantsuwar da ɗan majalisa yake yi ga Tarayyar Nijeriya da tsarin mulkinta ce, ba ga mazaɓarsa ba. Alkawarin yaƙin neman zaɓe ba yarjejeniya ba ce da kotu za ta tilasta, manufofin walwalar jama'a da ke babi na biyu kuma sashe na 6(6)(c) ya cire su daga hurumin kotu. Ko da maguɗi aka yi, ɗan takara ko jam'iyyarsa ne kaɗai dokar zaɓe ta ba ikon shigar da ƙara a kotun sauraren ƙararrakin zaɓe, shi kuwa wanda aka sace wa ƙuri'a iyakarsa ya zama shaida.

Jam'iyya ta fi samun gata. Sashe na 221 ya ce ita kaɗai ce take da ikon neman ƙuri'a ga ɗan takara, sashe na 68(1)(g) da na 109(1)(g) kuma suka ce ɗan majalisar da ya sauya sheƙa kafin wa'adinsa ya ƙare ya rasa kujerarsa, sai dai in jam'iyyar da ya bari ta rabu ko ta haɗe da wata. Fatakwal ce ta ba da misali mafi tsauri na inda wannan tunani yake kaiwa. Rotimi Amaechi ya ci zaɓen fid da gwani na PDP a Disamban 2006, jam'iyya ta maye gurbinsa da Celestine Omehia, wanda ya yi kamfe, aka zaɓe shi a Afrilun 2007, aka rantsar da shi. A ranar 25 ga Oktoba na wannan shekara Kotun Ƙoli ta ce sauyin bai bi doka ba, kuma tun da jam'iyya ce take cin zaɓe, ƙuri'un na halastaccen ɗan takararta ne, saboda haka Amaechi ya zama gwamna ba tare da ya tsaya a gaban masu zaɓe ba. Majalisar Tarayya ta toshe wannan ƙofa a Dokar Zaɓe ta 2010, inda ta hana kotu ayyana wanda bai shiga dukkan matakan zaɓe ba a matsayin wanda ya ci. A 2015 Kotun Ƙoli ta ƙara tsaurara sharaɗin sauya sheƙa a shari'ar Ifedayo Abegunde na Ondo, ta ce rabuwar da za ta zama uzuri sai ta kasance ta girgiza jam'iyya a matakin ƙasa, ba rigimar reshen jiha ba. Amma aiwatar da hukuncin yana hannun shugaban majalisa, wanda sau da yawa jam'iyyarsa ce take karɓar mai sauya sheƙar, kuma wanzami ba ya son jarfa.

Jihar Ribas ta sake zama fagen gwaji a Disamban 2023, lokacin da 'yan majalisar jiha 27 daga cikin 32, ƙarƙashin Martin Amaewhule, suka shelanta barin PDP zuwa APC a tsakiyar rigimar Gwamna Siminalayi Fubara da wanda ya gada, Nyesom Wike. Gwamna ya ɗauka kujerunsu sun faɗi, ya gabatar da kasafin kuɗi ga 'yan tsirarun da suka rage, aka kuma rushe ginin majalisar. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 28 ga Fabrairun 2025 cewa 27 ɗin suna nan a matsayinsu, a ranar 18 ga Maris kuma Shugaba Bola Tinubu ya kafa dokar ta-ɓaci, ya dakatar da gwamna da majalisa na wata shida, ya naɗa kantoma. A duk tsawon wannan taƙaddama alƙalai sun yi magana, jam'iyyu sun yi, fadar shugaban ƙasa ta yi, amma ba a kafa akwati ko ɗaya ba domin a ji ta bakin mazaɓun da aka yi rigimar da sunansu, saɓanin abin da aka yi a Inugu a 1953 ƙarƙashin Turawan mulkin mallaka.

Wannan rashin iko na mai zaɓe a kan wakilinsa ne ya sa sarautar Sarkin Hausawa ba ta mutu ba, ko da yake kundin tsarin mulki bai ambace ta ba. Idan an kama motar shanu a hanya, ko hukuma ta yi shelar tayar da kasuwa, ko rikici ya ɓarke irin na Anaca a Fabrairun 2006, lokacin da aka kai wa 'yan Arewa harin ramuwar gayya bayan tarzomar Maiduguri, ƙofar Sarki da ta shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa ake bugawa, ba ofishin ɗan majalisa ba. Su ma 'yan takara can suke zuwa gab da zaɓe, su zauna a kan tabarma, su yi alkawarin rijiyar burtsatse ko gyaran mahauta, wani lokaci gwamna ya naɗa wani ɗan unguwa mai ba shi shawara kan harkokin baƙi, muƙamin da yake ƙarewa ranar da wanda ya ba da shi ya ga dama. Sarkin Hausawa yana sallar asuba tare da waɗanda yake wakilta, suna iya juya masa baya, suna iya daina kawo masa ƙara, amma ba ya da ƙuri'a a inda ake raba kasafi. Ɗan majalisa yana da wannan ƙuri'a, ga ayyukan mazaɓu da aka daɗe ana ware musu naira biliyan 100 a shekara a kasafin tarayya, amma babu mai iya tilasta masa ya waiwayi unguwar.

Hanya ɗaya tak kundin ya bar wa mai zaɓe a tsakanin zaɓe da zaɓe, wato kiranye, wanda yake nufin janye wakili kafin wa'adinsa ya cika. Sashe na 69 da na 110 sun ce sai fiye da rabin waɗanda suka yi rajista a mazaɓa sun sa hannu a takardar ƙorafi cewa sun yanke ƙauna daga wakilinsu, hukumar zaɓe ta tantance sa hannun, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90, inda nan ma rinjayen masu rajista ake nema. A Ingila, bisa dokar 2015, kashi goma cikin ɗari ya isa a tilasta sabon zaɓe, ko da yake sai ɗan majalisa ya yi laifin da doka ta ƙayyade. A Nijeriya ba a neman laifi, amma ma'aunin ya yi tsayin da har yau ba a taɓa janye ɗan Majalisar Tarayya ko ɗaya ba. A yunƙurin yi wa Sanata Dino Melaye kiranye a Kogi ta Yamma, sa hannun da aka iya tantancewa a Afrilun 2018 bai wuce kashi biyar da ɗoriya na masu rajista ba, na Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan a Kogi ta Tsakiya kuma ya faɗi tun a matakin farko a Afrilun 2025, inda hukumar zaɓe ta ƙirga ƙasa da kashi 44. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 kusan kashi 27 ne na masu rajista suka fito, wato cire ɗan majalisa yana buƙatar kusan ninki biyu na jama'ar da zaɓe mafi girma a ƙasar ya iya fitarwa.

A unguwannin fatake lissafin ya fi haka wuya. Wani yana kasuwanci a Fatakwal amma katinsa na Sakkwato ne, gab da zaɓe ya kwashe iyalinsa ya tafi gida, don jefa ƙuri'a ko don gudun abin da ka iya biyo baya. Wani kuma ya yi rajista a Anaca ko Inugu shekarun baya, ciniki ya mayar da shi Dawanau ko Potiskum, bai nemi a sauya masa rumfa ba. Sunan na biyun yana nan a rajista, yana ƙara yawan adadin da za a raba biyu, kuma ranar tantancewa, da ma'aikacin hukumar zaɓe zai kira masu ƙorafi ɗaya bayan ɗaya su miƙa kati su ɗora yatsa a kan na'ura, rashin zuwansa zai shiga lissafi a ɓangaren ɗan majalisar da ake son cirewa.